Maganin Buɗe Hanci da Ƙa'idojin Amfani da Shi a Lokacin Mura da Alaji

Toshewar hanci tana cikin larurorin da suka fi kai mutane kyamis ba tare da sun bi ta wurin likita ba, musamman daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara, har da ta kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kan garuruwa da ƙauyuka, hanci ya bushe, mura kuma ta yi ta zagaya gidaje. Magungunan buɗe hanci da ake sayarwa ba da takardar likita ba suna da sauƙin samu, suna aiki cikin 'yan mintoci, kuma sauƙin da suke kawowa na gaske ne, sai dai wannan saurin shi ne ke sa mutane su saki jiki da su har su zarce iyakar da aka gindaya. Maganin buɗe hanci ba ya warkar da mura, ba ya warkar da alaji. Aikinsa shi ne ya sassauta toshewa na 'yan kwanaki kafin jiki ya gama yaƙinsa, kuma wanda bai ƙirga waɗannan kwanaki ba yana iya wayar gari da wata larura sabuwa wadda maganin ne da kansa ya haifar da ita.

Abin da ke toshe hanci

Mutane da yawa suna zaton majina ce ke toshe hanci, shi ya sa sukan yi ta fyacewa da ƙarfi har kunne ya ɗauki zafi, alhali hancin bai buɗe ba. Majina tana da nata kaso, amma babban dalili shi ne kumburi. A cikin kowace kafar hanci akwai tuddai uku na nama da suka fito daga bangon gefe, an lulluɓe su da wata fata mai laushi da danshi, kuma a ƙarƙashin fatar akwai ƙananan hanyoyin jini masu yawan gaske waɗanda ke iya cika da jini su kumbura ko su matse su sace. Da wannan tsari ne hanci yake ɗumama iskar da aka shaƙa, ya jiƙa ta, ya tace mata ƙura kafin ta isa huhu. Ko a jikin mai cikakkiyar lafiya, kafofin biyu suna yin karɓa-karɓa, ɗaya ta ɗan kumbura ɗayar ta buɗe, bayan wasu sa'o'i su sauya, abin da wani likita Bajamushe mai suna Richard Kayser ya bayyana tun a shekarar 1895. Saboda haka jin ɓangare ɗaya ya ɗan fi ɗayan cushewa, musamman a kwance, ba ciwo ba ne, kuma ba dalilin neman magani ba ne.

Idan ƙwayar cuta ta bairos ta shiga hanci, jiki yakan turo jini da dakarun garkuwarsa zuwa wurin, hanyoyin jinin nan su cika, naman ya kumbura ya rufe mashigar iska. Wannan ita ce mura, kuma akwai nau'in bairos fiye da 200 da ke iya kawo ta, dalilin da ya sa mutum zai yi ta bana ya sake yin ta baɗi. Takan zo da kaushin maƙogwaro da kasala, wani lokaci da ɗan zazzaɓi, ta tsananta a kwana na biyu ko na uku, sa'annan ta lafa da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Magungunan kashe bakteriya, waɗanda ake kira antibayotik, ba su da wani tasiri a kan bairos, kuma sauyawar majina zuwa rawaya ko kore ita kaɗai ba hujja ba ce ta shan su.

Alaji kuwa wani abu ne dabam, ko da yake a ido yana kama da mura. Ana cewa mutum yana da alaji idan garkuwar jikinsa ta ɗauki wani abu marar cutarwa a matsayin abokin gaba, kamar ƙurar ɗaki, ko bununin gero da dawa da ciyawa, ko gashin kyanwa, ko ɓurɓushin jikin kyankyaso, ko wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani waɗanda ke zama a katifa da filo. Da zarar abin ya taɓa hanci sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin, wanda ke kawo atishawa a jere, da ƙaiƙayin hanci da ido, da majina tsararo kamar ruwa, ba tare da zazzaɓi ba. Bambancin da ya fi muhimmanci ga wannan darasi shi ne na lokaci: mura tana da ranar ƙarewa, alaji kuwa yana nan muddin abin da ke tayar da shi yana nan, ko da makonni ne ko watanni. Maganin da aka iyakance wa 'yan kwanaki zai iya raka mai mura a kwanakin tsananinta, amma ba zai iya raka mai alaji ba.

Yadda maganin yake aiki

Asalin waɗannan magunguna wani tsiro ne da masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suka daɗe suna amfani da shi, wanda suke kira ma huwang. A shekarar 1885 wani masanin sinadarai ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, ya tace sinadarin da ke aiki a cikinsa, wato efedirin, kuma a shekarun 1920 likitocin Turai da Amurka suka rungume shi. Efedirin da danginsa suna kwaikwayon adiranalin, sinadarin da jiki ke fitarwa a lokacin tsoro ko tashin hankali, wanda ke matse hanyoyin jini, ya ƙara bugun zuciya, ya kore barci. Idan hanyoyin jinin hanci suka matse sai kumburin ya sace, iska ta sami hanya. Wannan ne dukkan aikin maganin, kuma daga nan ne dukkan illolinsa suke fitowa, domin jiki yana da hanyoyin jini a zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido, ba a hanci kaɗai ba.

Maganin yana zuwa ta hanya biyu. Akwai na sawa a hanci, ko na fesawa ko na ɗigawa, kuma sinadarai biyu ne suka fi yawa a cikinsa: zailometazolin, wanda a jikin kwali ake rubuta shi xylometazoline kuma aka fi saninsa da sunan kasuwa Otrivin, da oksimetazolin, wanda ake rubuta shi oxymetazoline, irin wanda ke cikin Afrin. An samar da su ne a Turai a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960. Akwai kuma na sha, ƙwaya ko ruwa, wanda sinadarinsa yakan kasance sudo'efedirin, da ake rubuta shi pseudoephedrine, ko fenilefirin, da ake rubuta shi phenylephrine. Ya kamata mai saye ya saba da ganin waɗannan sunaye huɗu ko da karanta su yana yi masa wuya, ya riƙa neman su a jerin ƙananan rubutun da ke gefen kwali, domin sunan kasuwa yana sauyawa daga kamfani zuwa kamfani, sinadarin kuwa shi ne ke shiga jiki.

Na sawa a hanci

Na hanci ya fi na sha ƙarfi da sauri, yana fara aiki cikin minti 5 zuwa 10, kuma abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne idan an bi ƙa'ida. Oksimetazolin na manya yana da ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari, aikinsa yana kaiwa sa'a 12, don haka ba a wuce sau biyu a yini da dare. Zailometazolin na manya kashi 0.1 cikin ɗari ne, yana kaiwa sa'a 8 zuwa 10, kuma ba a wuce sau uku. Adadin feshi ko ɗigo a kowane karo yana rubuce a takardar da ke cikin kwali, kuma ƙari a kansa ba ya ƙara buɗe hanci, illa dai ya gangara maƙogwaro a haɗiye shi ya shiga jini.

Yadda ake sa shi ma yana da ladabi. Ana fara wanke hannu, a fyace hanci a hankali, sa'annan idan na fesawa ne a girgiza kwalbar, a ɗan sunkuyar da kai gaba, a sa bakin kwalbar a kafar hanci a karkata shi zuwa gefen kunne. Dalilin karkatawar shi ne kumburin yana bangon gefe ne, shi kuwa guringuntsin da ya raba hanci biyu fatarsa siririya ce mai saurin tsagewa, kuma yawan fesa magani a kansa yana busar da shi ya kawo haɓo, abin da iskar hunturu ta riga ta share wa hanya. Hanya mafi sauƙi ta samun wannan karkata ita ce a riƙe kwalbar da hannun dama a fesa a kafar hagu, a riƙe da hannun hagu a fesa a kafar dama. Ana shaƙa a hankali lokacin fesawa, ba a zuƙa da ƙarfi. Idan na ɗigawa ne, ana kwanciya rigingine a ɗage kai baya, a ɗiga, a dakata minti ɗaya ko biyu kafin a tashi. Bayan an gama ana goge bakin kwalbar a rufe, kuma kwalba ɗaya ta mutum ɗaya ce, domin wadda ta zagaya hancin mutanen gida duka ta zama hanyar yaɗa murar da ake neman sauƙinta.

Babbar ƙa'idar wannan magani ita ce ta kwanaki. A Amurka an rubuta a jikin kwalbar cewa kada a wuce kwana 3 a jere, a wasu ƙasashen Turai kuma akan bari har kwana 5 ko 7. Ra'ayin da ya fi kusa da tsira shi ne mutum ya ɗauki kwana 3 a matsayin iyakarsa, kada kuma ko ta halin ƙaƙa ya haura abin da takardar maganin ta faɗa. Idan zai yiwu ya taƙaita da dare kaɗai, lokacin da toshewar ke hana barci, ya bar rana ga ruwan gishiri, wannan ya fi.

Dalilin wannan iyaka ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne mafi yawan masu amfani da maganin suke faɗawa. Idan aka yi ta matse hanyoyin jinin hanci dare da rana, sai su fara sabawa da maganin, jin da suke yi masa ya ragu, kuma duk lokacin da ƙarfinsa ya sake su sai su cika da jini fiye da yadda suke tun farko. Mutum zai lura cewa feshin da a da yake kai shi asuba yanzu ba ya wuce sa'a huɗu, daga baya ya koma biyu, kuma toshewar da ke biyo baya ta fi ta murar tsanani. Tun da bai san abin da ke faruwa ba, sai ya ɗauka murar ce ta ƙi tafiya, ya ƙara feshi, ƙarin feshin kuma ya ƙara kumburin. Lamarin kamar na wanda ke cin sabon bashi ne don ya biya tsoho, kullum abin da ake binsa ƙaruwa yake yi. Likitoci suna kiran wannan yanayi kumburin hanci na magani, kuma akwai mutanen da suka shafe watanni ko shekaru a cikinsa, kwalba a aljihu, wata ƙarƙashin filo, murar da ta sa suka fara kuwa ta warke tun makon farko. Idan abin ya daɗe, fatar cikin hanci takan bushe ta yi ja, ƙananan gashin da ke share majina da ƙura su raunana, haɓo ya yawaita, wani lokaci ma jin ƙanshi ya ragu. Wannan ba maye ba ne irin na miyagun ƙwayoyi, kuma ba abin kunya ba ne da za a ɓoye wa likita. Naman hanci ne ya dogara da maganin, kuma yana iya komawa daidai.

Mafita ɗaya ce, wato daina maganin, kuma ba a yi wa kowa alkawarin cewa za ta yi daɗi. Wasu suna yankewa gaba ɗaya, su jure 'yan kwanaki na toshewa mai tsanani da barcin baki buɗe, galibi kuma hanci yakan fara dawowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wasu kuma suna daina sawa a kafa ɗaya su ci gaba da ɗayar, har wadda aka bari ta warware ta iya ɗaukar numfashi, sa'annan su daina ta biyun. Ko wace hanya aka bi, wanke hanci da ruwan gishiri da ɗaga kai da filo biyu suna rage wahala, kuma likita yakan rubuta wani feshin dabam na rage kumburi wanda za a yi bayaninsa a gaba. Wanda ya shafe watanni yana feshi ya fi kyau ya yi wannan a hannun likita, domin a duba ko akwai wata larura da ke ƙarƙashin toshewar tun asali.

Na sha da haɗe-haɗen maganin mura

Na sha bai cika kawo wancan kumburi na magani ba, amma shi yana bin jini ne ya zagaya jiki duka kafin ya isa hanci, don haka yana iya ɗaga hawan jini, ya sa zuciya bugawa da sauri, ya kawo rawar hannu da rashin natsuwa da rashin barci. Babba mai lafiya yakan sha miligiram 60 na sudo'efedirin duk bayan sa'a 4 zuwa 6, ba ya wuce miligiram 240 a yini da dare, kuma gara ya guji shan sa dab da kwanciya. Goro da kofi da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari duk suna tura zuciya ɓangaren da maganin ke tura ta, saboda haka rage su a kwanakin shan sa hankali ne.

Tarihin waɗannan ƙwayoyi ya nuna cewa sayar da magani ba da takarda ba, ba shaida ba ce ta cewa an gama sanin halinsa. A shekarar 2000 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a janye wani ɗan'uwansu mai suna fenilfurofanolamin, bayan bincike ya danganta shi da fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Daga 2006 aka mayar da sudo'efedirin bayan kanta a ƙasar, sai mai saye ya nuna katin shaida, saboda masu haɗa muguwar ƙwayar nan metamfetamin suna amfani da shi. A watan Satumba na 2023 kuma kwamitin masana na wannan hukuma ya yanke cewa fenilefirin na sha ba ya buɗe hanci a adadin da ake sayar da shi, domin hanji da hanta suna lalata mafi yawansa kafin ya kai jini. Hukuncin bai shafi na fesawa ba. A daidai wannan lokaci hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sake nazarin sudo'efedirin, ta yi gargaɗin cewa, ko da yake ba kasafai ba, yana iya taɓa hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, ta kuma hana shi ga masu hawan jini mai tsanani ko wanda ba a shawo kansa ba da masu ciwon ƙoda mai tsanani. Wanda ya sha shi ya ji ciwon kai mai tsanani ya sauko masa farat ɗaya, ko ganinsa ya rikice, ko ya ruɗe, ko ya yi jijjiga, asibiti za a kai shi nan take.

A kyamis ba kasafai ake samun sinadarin shi kaɗai ba. Abin da aka fi saye shi ne haɗin maganin mura, irin su Procold da Mixagrip da Actifed, inda ake gwama mai buɗe hanci da maganin histamin, sau da yawa har da parasitamol. Haɗarin da ke nan na ninki ne. Mutum zai sha ƙwayar mura, ya bi ta da parasitamol biyu saboda ciwon kai, ya ƙara da ruwan maganin tari wanda shi ma yana ɗauke da mai buɗe hanci, bai san ya sha abu ɗaya sau biyu ko uku ba. Iyakar parasitamol ga babba giram 4 ne a yini da dare, kuma wuce ta yana lalata hanta ba tare da wata alama ta farko da za ta tsorata mutum ba. Maganin histamin na tsohon yayi da ke cikin haɗin, irin sinadarin da ke cikin Piriton, yana kawo gyangyaɗi, abin da direba da ɗan acaɓa da mai aiki da injin niƙa ba za su ɗauka da wasa ba. Ƙa'idar ita ce haɗin mura ɗaya a lokaci ɗaya, a karanta abin da ke cikinsa, a duba ranar lalacewarsa da lambar rajistar NAFDAC ko ta hukumar magunguna ta ƙasar da ake zaune, a kuma guji ƙwayoyin da aka ɓare daga kwalinsu aka ƙulla a leda, waɗanda ba mai iya faɗin sunansu.

Waɗanda ya kamata su tambaya kafin su taɓa shi

Mai hawan jini shi ne na farko, kuma abin damuwa shi ne mutane da yawa suna ɗauke da hawan jini ba su sani ba, tun da ba ya yin ciwo. Don haka wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai auna ba, gara ya auna kafin ya sayi ƙwayar mura. Haka mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon suga, da wanda ƙullin tayirod na wuyansa ke aiki fiye da kima, da mai hawan ruwan ido da ake kira gulakoma. Dattijon da fitsari ke yi masa wuya saboda kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, yana iya shan ƙwayar mura fitsarin ya tsaya cak har sai an sa masa roba. Akwai kuma wani rukuni na magungunan ciwon damuwa da na cutar makyarkyata waɗanda haɗa su da mai buɗe hanci, ko shan sa kafin kwana 14 da daina su, yana iya harba hawan jini zuwa matakin halaka, shi ya sa ake son mai saye ya gaya wa mai harhaɗa magunguna duk abin da yake sha.

Mai juna biyu takan yi fama da toshewar hanci ko ba mura, saboda sauyin da ciki ke kawowa a hanyoyin jini. Ana so ta guji na sha, musamman a watanni ukun farko da kuma idan jininta yana hawa, ta kai kukanta wurin awo. Mai shayarwa ma tana da dalilin gudun sudo'efedirin, domin wani ƙaramin bincike da aka buga a 2003 ya nuna cewa ƙwaya ɗaya ta miligiram 60 ta rage ruwan nono da kusan kashi 24 cikin ɗari.

Maganar yara ta fi kowace tsauri. A 2008 hukumar Amurka ta yi gargaɗin kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba maganin mura da tari da ake sayarwa ba da takardar likita ba, a 2009 kuma Birtaniya ta kai iyakar zuwa shekara 6, bisa hujjar cewa ba a ga amfaninsu ga ƙananan yara ba, illarsu kuwa an gan ta. Akwai ɗigon hanci na yara mai rabin ƙarfin na manya, amma ga ƙaramin yaro ba a sa shi sai da umurnin likita, kuma ba a taɓa ɗiga wa yaro na manya da sunan an rage adadi. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, 'yar kwalbar nan guba ce idan yaro ya sha ta: a 2012 hukumar Amurka ta bayyana cewa haɗiye mililita 1 zuwa 2 kacal yana iya sa ƙaramin yaro barci mai nauyi, bugun zuciyarsa da numfashinsa su ragu, har ya suma. Wurin ajiyarta sama ne inda hannu ba ya kai, kuma yaron da aka ga ya tsotse ta asibiti za a nufa da shi tare da kwalbar, ko da yana wasansa. Jaririn da hancinsa ya toshe har ya kasa kama nono, ɗigon ruwan gishiri kafin shayarwa shi ne abin da ya dace da shi. Man shafawa mai zafi irin su Robb da Vicks ba a cusa shi cikin hancin kowa, ba a kuma shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba. Sanyin da sinadarin mentol na cikin man ke sa mutum ya ji yana ba shi jin kamar iska ta ƙaru, alhali kumburin yana nan yadda yake.

Abin da ya fi dacewa da alaji, da sauran hanyoyin sauƙi

Tun da alaji mai dogon zama ne, magungunansa na asali su ne waɗanda za a iya daɗewa a kansu. Akwai magungunan histamin na zamani, kamar loratadin da setirizin, waɗanda ake sha sau ɗaya a rana kuma ba su cika sa barci kamar na da ba. Suna kwantar da atishawa da ƙaiƙayi da zubar majina, ko da yake ƙarfinsu a kan toshewa kaɗan ne. Akwai kuma feshin hanci mai sinadarin sitiyarod, kamar fulutikason da mometason da bekulometason, wanda ke kashe kumburin daga tushe kuma ba ya kawo kumburin magani. Aibinsa a idon mai gaggawa shi ne ba ya buɗe hanci nan take, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum kafin a ga cikakken amfaninsa, kuma da yawa sukan jefar da shi a kwana na biyu su koma wa mai saurin. Tun da kwalaben biyu suna kama da juna, wajibi ne mai saye ya tambaya wanne aka ba shi. Rage haɗuwa da abin da ke tayar da alajin, ta hanyar sa takunkumi a ranar hazo ko wurin sussuka, da yayyafa ruwa kafin shara, da shanya katifa da filo a rana, yana rage bukatar magani gaba ɗaya.

Ruwan gishiri ba shi da iyakar kwanaki, kuma ya halatta ga yaro da mai ciki da mai hawan jini. Ana sayar da shi a kwalba, ana kuma iya haɗa shi a gida da giram 9 na gishiri a lita 1 ta ruwa, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya da bai cika ba a rabin lita, da sharaɗin a tafasa ruwan a bar shi ya huce, a kuma haɗa sabo kowace rana, domin ruwan rijiya ko na famfo da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ciki ke kashewa amma hanci ba ya iyawa. Sirace yana ba wasu manya sauƙi na ɗan lokaci, sai dai tukunyar tafasasshen ruwa a gaban yaro haɗarin ƙuna ce da ta fi murar muni. Mai azumi kuma ya san cewa malamai da yawa suna ganin abin da ya bi ta hanci ya isa maƙogwaro yana karya azumi, kuma da yake feshin buɗe hanci yana ɗaukar sa'o'i masu yawa, sa shi bayan buɗa-baki da kafin ketowar alfijir yana wadatarwa.

Lokacin da kyamis ba ta isa ba

Toshewar da ta haura kwana 10 ba ta sassauta ba, ko wadda ta fara sauƙi sa'annan ta dawo da zazzaɓi da ciwo a kumatu ko goshi, tana iya zama alamar cewa bakteriya sun shiga kogunan ƙashin fuska, kuma likita ne zai yanke ko ana bukatar antibayotik. Kumburi ko ja a kewayen ido, da numfashi da kyar ko da shessheƙa, da haɓon da ke yawan dawowa, duk ba na jira ba ne. Zazzaɓi mai zafi bai kamata a jingina shi ga mura ba sai an yi gwajin maleriya, kuma idan ya zo da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, musamman a watannin rani da sanƙarau ke yawo, kowace sa'a da aka ɓata ana gwada ƙwayar mura hasara ce. Toshewar ɓangare ɗaya tak da ta ƙi tafiya ma tana bukatar a leƙa cikin hancin: a babba tana iya zama karkacewar guringuntsi ko tsiron nama, a yaro kuwa, idan ta zo da majina mai wari daga kafa ɗaya, sau da yawa ƙwayar wake ce ko gyaɗa ko dutsen ado da ya tura ciki, kuma ma'aikacin lafiya ne zai ciro shi da kayan aikinsa, domin tsinke ko ashana a gida ƙara tura shi ciki suke yi.